Bin Diddigin Shawara Kafin a Yanke Ta: Nazari a Kan Aikin Kansiloli a Ƙananan Hukumomin Ingila

1.0 GABATARWA

Kalmar kansila ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe. Daga Turanci aka aro ta, ta kuwa shigo ne tare da tsarin mulkin da Turawan Ingila suka yi ta gyaggyarawa a ƙasar nan kafin su tafi. Tun a shekarun 1950, lokacin da aka yi wa dokar En'e kwaskwarima a Jihar Arewa, aka bambanta sarkin da tilas ya nemi shawarar majalisarsa amma yana iya ƙin bin ta, da sarkin da ba shi da ikon tsallake abin da mafi yawan 'yan majalisarsa suka amince da shi. Ashe ke nan tambayar ko su wa ake jin ta bakinsu kafin a yanke shawara tsohuwar tambaya ce.

Wannan maƙala za ta duba yadda ita Ingila ta amsa wannan tambaya a nata ƙananan hukumomi daga shekarar 2000 zuwa yau. A can, kansiloli ƙalilan ne ke riƙe da ikon zartarwa a mafi yawan majalisu, sauran kuwa aikin da doka ta ba su shi ne bin diddigin abin da waɗannan ƙalilan ke yi. Bin diddigin nan iri biyu ne: akwai wanda ake yi bayan an yanke shawara, akwai kuma wanda ake yi tun ba a yanke ba. A kan na biyun za a fi mai da hankali. Abin da nazarin zai nuna shi ne, kwamitin da ba shi da ikon yanke kome, ƙarfinsa duka ya rataya ne a kan abu biyu, watau lokacin da aka kawo masa magana, da kuma irin bayanin da aka yarda ya gani.

2.0 ASALIN TSARIN

Tun daga dokar 1835, wadda ta kafa zaɓaɓɓun majalisu a biranen Ingila, har zuwa ƙarshen ƙarni na 20, da kwamitoci ake tafiyar da ƙananan hukumomi. Akwai kwamitin ilmi, da na gidaje, da na hanyoyi, da na kuɗi, kowane kansila kuma yana cikin ɗaya ko biyu, yana da ƙuri'a a kan duk abin da aka kawo. A takarda dai kowa yana da hannu a cikin mulki. Amma masu sukar tsarin sun daɗe suna cewa jam'iyyar da ke da rinjaye takan yi nata taro a keɓe kafin ranar kwamiti, ta gama magana, har zaman kwamiti ya zama na ɗaga hannu kawai. Sa'an nan in abu ya ɓaci, talaka ba ya sanin wanda zai kama da laifi, domin kowa sai ya ce ai kwamiti ne ya yanke.

Gwamnatin jam'iyyar Leba ta Tony Blair, wadda ta hau mulki a 1997, ta ɗauki wannan suka da muhimmanci, har ta kai ga Dokar Ƙananan Hukumomi ta 2000. Dokar ta raba kansiloli gida biyu, watau masu zartarwa da waɗanda ba sa zartarwa, ta kuma ba majalisu zaɓi uku. Na farko, kansiloli su zaɓi jagora daga cikinsu, ya yi aiki da 'yar ƙaramar majalisar zartarwa. Na biyu, jama'a su zaɓi magajin gari da kansu, shi kuma ya naɗa 'yan zartarwarsa daga cikin kansiloli. Na uku, magajin gari ya yi aiki da manaja guda. Wannan birni ɗaya tak ya gwada shi, watau Stoke-on-Trent, dokar 2007 kuwa ta soke shi. Ƙananan gundumomin da mutanensu ba su kai 85,000 ba an yarda su ci gaba da kwamitoci in sun so. Mafi yawan majalisu na farkon suka ɗauka.

Ba kowane iko ne aka miƙa wa 'yan zartarwa ba. Amincewa da kasafin kuɗi na shekara da manyan manufofi yana hannun cikakkiyar majalisa, inda dukan kansiloli ke zama. Haka kuma ba da izinin gini da lasisi yana hannun kwamitoci na musamman. Amma sauran harkokin yau da kullum, kamar ba da kwangila, da sayen fili ko sayar da shi, da rufe wata ma'aikata ko buɗe wata, duk suna hannun majalisar zartarwa, wadda doka ta ce kada ta wuce mutum 10 har da jagoranta. A birni kamar Birmingham, wanda tun 2018 yake da kansiloli 101, ma'anar wannan ita ce aƙalla 91 ba su da ƙuri'a a kan irin waɗannan shawarwari, alhali kuwa su ma jama'a ce ta zaɓe su.

3.0 KWAMITIN BIN DIDDIGI DA IKONSA

Don kada waɗannan kansiloli masu yawa su zama 'yan kallo, sai dokar ta wajabta wa kowace majalisa mai 'yan zartarwa ta kafa aƙalla kwamiti ɗaya na sa ido da bin diddigi. Manyan majalisu sukan kafa da dama, wani ya kula da harkar yara, wani da lafiya, wani da kuɗi. Sharaɗi na farko shi ne ɗan zartarwa ba ya zama ɗan wannan kwamiti, domin mutum ba ya zama alƙalin kansa. Na biyu, ana raba kujeru ne bisa yawan kujerun kowace jam'iyya a majalisa, kamar yadda wata doka ta 1989 ta tanada. Saboda haka jam'iyyar da ke mulki ita ce ke da rinjaye har a cikin kwamitin da ke binciken shugabanninta. Za a dawo kan wannan a gaba. In ana maganar makarantu kuwa, wakilan iyayen yara da na coci-coci masu makarantu suna zama, suna kuma da ƙuri'a.

Daga cikin ikon da doka ta ba kwamitin akwai waɗannan:

(a) Yana iya kiran ɗan zartarwa ko ma'aikacin hukumar, kuma tilas ne su zo su amsa tambayoyi.

(b) Yana iya gayyatar mutanen waje, kamar masana, da 'yan kwangila, da talakawan da abin ya shafa, sai dai yawancinsu ba dole ba ne su zo.

(c) 'Yan kwamitin suna da haƙƙin ganin takardun da ke hannun 'yan zartarwa a kan abin da suke bincike, ko da na sirri ne, a kuma ba su cikin kwana 10 daga ranar da suka nema.

(d) Yana iya rubuta rahoto da shawarwari, su kuma 'yan zartarwa tilas su ba da amsa cikin wata 2, su faɗi abin da za su yi a kai.

Abin lura a nan shi ne, babu inda aka ce kwamitin yana iya yanke shawara, ko ya hana a yanke. Amsar da doka ta wajabta tana iya zama ta cewa an ji, amma ba za a bi ba. Don a ƙarfafa masa gwiwa, wata doka ta 2009 ta sa manyan majalisu su keɓe wani jami'i wanda aikinsa shi ne tallafa wa kwamitin da kare mutuncinsa, aka kuma hana a ba shugaban ma'aikata, ko ma'aji, ko jami'in da ke lura da bin doka wannan muƙami.

4.0 YADDA KANSILA KAN SAN ABIN DA KE TAFE

Ba a bin diddigin abin da ba a san da shi ba. Saboda haka ginshiƙin wannan aiki duka shi ne sanarwar da doka ta tilasta wa 'yan zartarwa su bayar tun da wuri. Ƙa'idojin 2012 sun ware wani rukuni da ake kira babbar shawara, watau wadda za ta jawo kashe kuɗi mai yawa ko tsimin kuɗi mai yawa, ko kuwa wadda za ta taɓa rayuwar jama'a sosai a mazaɓa biyu ko fiye. Kowace majalisa ita ke ƙayyade abin da take nufi da kuɗi mai yawa. Wasu sun tsayar da fam 500,000, wasu ƙasa da haka, wasu sama.

Kafin a yanke babbar shawara, sai an buga sanarwa kwana 28 tun da farko, a faɗi abin da za a yanke a kansa, da wanda zai yanke, da lokacin, da takardun da za a duba. Majalisu sukan tara waɗannan sanarwoyi su zama jadawali guda na shawarwari masu zuwa, su sa a ofis da kuma a intanet. Wannan jadawali shi ne madubin kwamitin. Kwamitin da ya san aikinsa yakan duba shi a kowane zama, ya tsinci biyu ko uku da yake ganin sun cancanci a tsaya a kansu, ya bar sauran su wuce, domin wanda ya ce sai ya taɓa kome ba zai riƙe kome ba.

Akwai ƙofa biyu ta gaggawa. In ba zai yiwu a jira kwana 28 ba, sai a sanar da shugaban kwamitin bin diddigi a rubuce, a buga wa jama'a, a jira kwana 5. In kuwa ko kwana 5 ɗin ba za a iya jira ba, to, sai an sami yardar shugaban kwamitin da kansa cewa lalle abin na gaggawa ne. A nan doka ta sa wa ɗan bin diddigi mabuɗi a hannu, domin in ya ƙi, ba a wucewa ta wannan ƙofa. An kuma wajabta wa jagora ya kai wa cikakkiyar majalisa rahoton shawarwarin da aka bi da su ta nan, aƙalla sau ɗaya a shekara. Yawan amfani da ƙofar gaggawa alama ce da kansila mai lura ba ya bari ta wuce shi.

5.0 LOKUTA UKU NA SA BAKI

Don a ga bambancin da lokaci ke kawowa, sai a ƙaddara wata majalisa tana da ɗakunan karatu 12 na jama'a, kuɗi ya yi mata ƙaranci, ana tunanin rufe 4 daga ciki. Akwai lokuta uku da kwamiti zai iya shiga maganar.

5.1 Tun Ana Tunani

Lokaci na farko shi ne watanni kafin a rubuta kome, sa'ad da ɗan zartarwa mai kula da ɗakunan karatu bai riga ya tsai da ra'ayi ba. A nan kwamiti yakan ware mutum biyar ko shida daga cikinsa, su yi 'yan makonni suna aiki. Sukan ziyarci wuraren, su ji ta bakin ma'aikata da masu zuwa karatu, su nemi lissafin kuɗin da kowane ɗaki ke ci da yawan masu shigarsa, su tambayi abin da wasu majalisu suka yi da suka shiga irin wannan hali. Tun da ba a tsai da magana ba, duk hanyoyi a buɗe suke: ko a rage awowin buɗewa a dukan 12 ɗin, ko a haɗa wani ɗaki da wani ofishin hukuma a gini ɗaya, ko a miƙa wasu ga ƙungiyoyin unguwa, ko kuma a rufe ɗin amma ba waɗanda aka fara tunani ba. Kansila yana da wani sani da ma'aikacin ofis ba shi da shi, domin shi ya san cewa ɗakin da lissafi ya nuna ba shi da jama'a shi ne kaɗai wurin da marasa aikin yi na mazaɓarsa ke samun kwamfuta su nemi aiki, ya kuma san cewa motar haya ba ta bi ta can da yamma. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kotunan Ingila ma sun tsaya a kan wannan ma'ana, ko da yake a kan tuntuɓar jama'a suka yi magana. A wata shari'a ta 1985 game da rufe makarantu a Brent, cikin Landan, an kafa ƙa'idar cewa tuntuɓa ba ta inganta sai an yi ta tun shawara ba ta ƙanƙare ba, an ba da isasshen dalili, an ba da isasshen lokaci, an kuma auna abin da aka ji da zuciya ɗaya. Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan a 2014 a wata shari'a da ta shafi majalisar Haringey. Abin da ya zama sharaɗi wajen jin ta bakin talaka, lalle bai kamata a rasa shi wajen jin ta bakin wakilinsa ba.

5.2 Gab da Zaman 'Yan Zartarwa

Lokaci na biyu shi ne mako biyu ko uku kafin zaman majalisar zartarwa, sa'ad da an riga an rubuta rahoto da shawarar da ake so a amince da ita. Wannan shi ne wanda majalisu da yawa suka fi sabawa da shi. Ana kawo rahoton gaban kwamiti a zaman da jama'a da 'yan jarida ke iya shiga, ɗan zartarwa ya zo da manyan ma'aikatansa, a yi masa tambayoyi. Abin da kwamiti ya ce sai a rubuta a haɗa da rahoton, a wasu majalisu ma shugaban kwamitin yakan je zaman 'yan zartarwa ya faɗa da bakinsa.

Amfanin wannan mataki shi ne akwai takarda a ƙasa, da alƙaluma, da sunayen ɗakunan da za a rufe, don haka tambaya takan zama mai kaifi. Ana iya tambaya ko waɗanne hanyoyi aka duba aka watsar, da dalilin watsar da su. Ana iya tambaya ko tsimin da aka lissafa ya haɗa da kuɗin sallamar ma'aikata da na gadin ginin da aka rufe. Ana iya tambaya ko abin da ya rage zai cika wajibin da dokar ɗakunan karatu ta 1964 ta ɗora wa majalisa, da ko an auna yadda abin zai shafi tsofaffi da naƙasassu kamar yadda dokar daidaito ta 2010 ta nema. Ana kuma iya tambaya ta yaya za a gane, bayan shekara guda, ko an ci riba ko an faɗi.

Amma aibinsa a fili yake. A wannan lokaci ma'aikata sun yi watanni suna aiki a kan hanya ɗaya, ma'aji ya riga ya sa tsimin a lissafinsa, ɗan zartarwa kuma wataƙila ya faɗa wa jarida. Janyewa ta zama abin kunya. Saboda haka abin da kwamiti kan samu bai cika wuce gefe-gefe ba, kamar a ɗaga ranar rufewa, ko a ƙara wa wani ɗaki awa biyu, ko a yi alkawarin dawo da rahoto bayan wata shida.

5.3 Bayan An Yanke, Kafin a Aiwatar

Lokaci na uku ya riga ya fita daga bin diddigi na kafin yankewa, amma sai an san shi ake gane darajar biyun farko. Bayan an yanke shawara an buga ta, akan dakata 'yan kwanaki, galibi kwana 5 na aiki, kafin a aiwatar. A cikin wannan tazara wasu adadin kansiloli, gwargwadon yadda kundin kowace majalisa ya tsara, suna iya sa hannu a jawo shawarar gaban kwamiti. Kwamiti yana iya barin ta ta wuce, ko ya mayar wa wanda ya yanke ya sake tunani, ko ya miƙa ta ga cikakkiyar majalisa. In an mayar masa ya ce yana nan a kan bakansa, magana ta ƙare, sai fa in shawarar ta saɓa wa kasafin kuɗi ko manyan manufofin da majalisa ta amince da su. Yawanci 'yan hamayya ne ke amfani da wannan hanya, zaman kuma yakan zama na ja-in-ja, kowa ya kare jam'iyyarsa.

6.0 KASAFIN KUƊI

Babu shawarar da ta kai kasafin kuɗi girma, a nan ne kuma matsalar lokaci ta fi fitowa. Shekarar kuɗi tana farawa ran 1 ga Afrilu, majalisun da ke karɓar harajin gidaje kuwa tilas su tsai da shi kafin 11 ga Maris. Gwamnatin tsakiya ta saba sanar da kason kowace majalisa a wajen watan Disamba. Saboda haka in aka jira sai an gama rubuta kasafi, kwamiti zai gan shi ne a Janairu ko farkon Fabrairu, a tari shafuffuka masu yawa a zama ɗaya, ba kuwa a fafe gora ranar tafiya. Majalisun da suka fahimci wannan sukan sa kwamitinsu ya fara tun watanni kafin haka, ya duba inda aka yi gibi a bara, da alkawuran tsimin da ba a cika ba, da zaton da aka gina lissafin baɗi a kansa, don in kasafin ya iso ya tarar da mutanen da suka san inda za su sa yatsa.

7.0 ABUBUWAN DA KE KAWO CIKAS

Na farko shi ne jam'iyya. Kamar yadda aka nuna a baya, masu rinjaye a kwamiti 'yan jam'iyyar jagora ne, a majalisu da yawa kuma shugaban kwamitin ma nasu ne. Kansilan da ke fatan wata rana a sa shi cikin 'yan zartarwa ba zai so ya kunyata mai naɗawa ba. Don rage wannan, kundin majalisu da dama ya ce in jam'iyya ta umarci ɗanta yadda zai jefa ƙuri'a a kwamitin, sai ya bayyana a rubuta. Wasu majalisu sukan ba 'yan hamayya shugabancin kwamiti. A hukumomin haɗin gwiwa masu zaɓaɓɓen magajin gari, irin na yankin Manchester, doka ce ma ta hana shugaban kwamitin ya fito daga jam'iyyar magajin garin.

Na biyu shi ne bayani. Sau da yawa akan ce takarda ta ƙunshi sirrin ciniki, musamman inda majalisa ta ba kamfani kwangila ko ta kafa nata kamfani. Wani kwamitin Majalisar Wakilan Birtaniya da ya binciki lamarin ya fitar da rahoto a Disamba 2017, ya nuna damuwa a kan hana kansiloli bayanan kuɗi da na ciniki, da kuma ƙarancin ma'aikatan da ke taimaka musu. Wannan ne ya kai ga jagorar da gwamnati ta fitar a Mayu 2019, aka sabunta ta a 2024, wadda ta nanata cewa halin shugabanni da yadda suka ɗauki bincike shi ne kan gaba, ta kuma ba da shawarar a rubuta yarjejeniya tsakanin 'yan zartarwa da kwamiti a kan yadda za su yi hulɗa.

Na uku ya fi waɗannan wuyar warwarewa. Ɗan zartarwa yana tsoron in ya kawo tunaninsa ɗanye, 'yan hamayya za su kai wa jarida a ce an riga an yanke. Shi kuma kwamiti, in ya sa hannu a gina shawara tun daga tushe, da wane baki zai soke ta in ta lalace? Babu dokar da ta magance wannan. Abin da akan yi shi ne kwamiti ya tsaya a kan tambaya da auna hujja, ya bar zaɓi a wuyan mai zartarwa, don kowa ya san abin da zai amsa a gaban jama'a.

8.0 MISALAI BIYU

A Fabrairu 2018 ma'ajin majalisar lardin Northamptonshire ya fitar da sanarwar da ake kira ta sashe na 114, watau shaidar cewa kuɗin shiga ba zai ɗauki abin da ake kashewa ba, a tsai da duk wani sabon kashe kuɗi sai na dole. Kusan shekara 20 ke nan rabon da a ga irinta a Ingila. Watanni kaɗan kafin haka majalisar ta buɗe sabuwar hedkwata ta fam miliyan 53, wadda daga baya ta sayar ta koma haya a ciki. Sufeton da gwamnati ta tura, Max Caller, ya ba da rahoto a Maris 2018, inda ya nuna cewa an hana wasu kansiloli amsar tambayoyin da suke da haƙƙin yi, kuma bin diddigi bai wuce iyakar da ake ganin 'yan zartarwa za su lamunta ba. A Afrilu 2021 aka rushe majalisar, aka maye gurbinta da sababbi biyu.

Misali na biyu shi ne Croydon, a kudancin Landan. A 2018 majalisar ta sayi wani otal a kan kusan fam miliyan 30, tun cikakkiyar majalisa ba ta amince da manufar zuba jarin da ya kamata sayen ya dogara a kanta ba. Ta kuma ranta wa kamfaninta na gine-gine, Brick by Brick, kusan fam miliyan 200, ba ta ga riba ba. Otal ɗin ya durƙushe a 2020, daga baya aka sayar da shi da hasara. Oditocin majalisar sun fitar da rahoto a Oktoba 2020 suka nuna cewa kansiloli ba su matsa da tambaya yadda ya kamata ba, a Nuwamba kuwa sanarwar sashe na 114 ta fito. Ba za a ce bin diddigi shi kaɗai zai hana waɗannan ba, domin ragin tallafin gwamnatin tsakiya tun daga 2010 da hauhawar kuɗin kula da yara da tsofaffi sun matse majalisu da yawa. Amma a wurare biyun duka akwai kwamiti, akwai doka, akwai jadawali. Abin da ya yi ƙaranci shi ne a kawo magana da wuri, da cikakken bayani, ga mutanen da suka shirya tambaya. Waɗanda suka biya kuwa su ne mazauna, ta hanyar ƙarin haraji da ragin ayyuka.

9.0 KAMMALAWA

Ba kowa ne ya gamsu da tsarin ba. Dokar 2011 ta sake buɗe ƙofar komawa ga kwamitoci, mutanen Sheffield suka zaɓi haka a ƙuri'ar raba gardama ta 2021, bayan doguwar rigima a kan sare itatuwan bakin titi, na Bristol kuma suka bi sahu a 2022 suka soke kujerar zaɓaɓɓen magajin garinsu. A 2025 sai gwamnatin tsakiya ta kai wa Majalisar Dokoki ƙudurin da ke neman mai da majalisu ga tsarin jagora da 'yan zartarwa. Wannan kai-komo ya nuna cewa gardamar da aka fara tun kafin 2000 ba ta mutu ba.

A taƙaice, an ga cewa doka ta ba kansilan da ba ya zartarwa haƙƙin sanarwa, da na ganin takarda, da na tambaya, da na samun amsa, amma ba ta ba shi ikon hanawa ba. An kuma ga cewa daga cikin lokuta uku na sa baki, na farko ne ke iya sauya hanya, na biyu yakan gyara gefe, na uku kuwa sau da yawa ihu ne bayan hari. Saboda haka mai son auna ingancin bin diddigi a kowace majalisa, kada ya tsaya ga ƙirga yawan zama ko kaurin rahotanni. Ya duba wata nawa kafin yankewa aka kawo maganar, da waɗanne takardu aka nuna, sa'an nan ya gwada shawarar da aka shigo da ita da wadda aka fita da ita, ya ga ko akwai abin da ya sauya.